Earl of Airlie: Nazarin Kan Jirgin Fasinja da Aka Ƙera a Dundee a 1833

A watan Satumba na shekarar 1833 ne masana'antar 'yan'uwan nan biyu, James da Charles Carmichael, ta miƙa wa kamfanin layin dogo na Dundee zuwa Newtyle, a ƙasar Sikotilan, kawunan jirgi guda biyu masu aiki da tururi. Na farko aka raɗa masa suna Earl of Airlie, na biyu kuma Lord Wharncliffe, dukansu sunayen sarauta ne na manyan masu ƙasa a yankin da layin ya nufa. Wanda ya saba ganin hotunan kawunan jirgin da suka zo daga baya, idan ya kalli hoton Earl of Airlie sai ya ɗauka an juya shi gaba ya koma baya: manyan tayoyin da ke jan jirgin suna can gaba a ƙarƙashin bututun hayaƙi, ƙananan tayoyi huɗu suna baya a ƙarƙashin murhu, silindoji biyu kuma, wato bututan ƙarfen da tururi ke shiga ya motsa injin, suna tsaye cak a gefen tukunya maimakon su kwanta. Wannan nazari ya bi diddigin dalilin da ya sa aka ƙera shi haka, kuma amsar ba ta cikin injin kansa, tana cikin hanyar da aka shimfiɗa masa tun kafin a yi tunanin ƙera shi.

Hanyar da ta riga injin

Dundee gari ne na masaƙa da tashar jiragen ruwa a bakin kogin Tay, a gabashin Sikotilan. A arewa da shi akwai kwarin Strathmore mai albarkar noma, amma jerin tuddan Sidlaw sun gitta tsakanin garin da kwarin, ta yadda duk abin da zai shigo ko ya fita sai an tsallaka da shi a keken doki. Attajiran garin suka nemi izinin Majalisar Dokoki, aka ba su a 1826, suka ɗauki Charles Landale a matsayin injiniya. An fara amfani da layin a ƙarshen 1831, aka kammala buɗe shi a 1832, tsawonsa bai wuce mil goma sha ɗaya ba.

Landale bai zagaye tuddan ba, sai ya hau su kai tsaye. Ya raba layin gida biyar: hawa uku masu tsananin tsayi, da shimfiɗa biyu a tsakaninsu. Daga tashar Ward Road da ke cikin gari, layin yana hawa tudun Law a kan gangaren da ke tashi ƙafa ɗaya a cikin kowace ƙafa goma, sannan ya shige cikin ramin da aka huda ta gefen tudun. Bayan 'yan mil na shimfiɗa sai hawan Balbeuchly mai ƙafa ɗaya cikin 25, sai wata shimfiɗar, sannan gangaren Hatton mai ƙafa ɗaya cikin 13 wanda ke saukar da mutum Newtyle. A saman kowane hawa an girka injin tururi na zaune, wanda ke naɗe doguwar igiya a jikin ganga yana jawo taragu sama ko yana sassauta su ƙasa. A kan shimfiɗun biyu kuwa dawakai ne ke ja.

Bai kamata a yi gaggawar yi wa Landale dariya ba. A 1826 babu wanda ya tabbatar cewa kan jirgi mai tafiya da kansa zai fi doki da igiya, domin gasar kawunan jirgi ta Rainhill a Ingila, inda kan jirgin George da Robert Stephenson mai suna Rocket ya rufe bakin masu gardama, ba a yi ta ba sai 1829. Sikotilan ma tana da nata darasin mai ɗaci: kan jirgin Stephenson da aka gwada a layin Kilmarnock zuwa Troon wajen 1817 ya riƙa farfasa ƙarafan hanyar saboda nauyinsa, har aka koma ga dawakai. Duk da haka, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma layin da aka yanka gida biyar, ana kwance taragu ana sake ɗaure su a kowane hawa, tun daga tushe an ɗora masa jinkiri da kashe kuɗin da ba zai taɓa rabuwa da su ba.

Masu hannun jari sun yi lissafinsu ne a kan kaya, wato hatsi da duwatsun gini su gangaro gari, kwal da farar ƙasa su hau zuwa gonaki. Kayan ba su zo yadda aka zata ba, sai fasinja suka zo fiye da tsammani, kuma fasinja ba ya haƙuri da tafiyar doki kamar yadda buhun hatsi ke yi. Wannan ne ya tilasta wa kamfanin neman kawunan jirgi, amma ba don layin gaba ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne inji ɗaya a kowace shimfiɗa, ya yi ta kai da kawowa tsakanin ƙarshen wannan igiya da farkon waccan.

Masu ƙera shi

James da Charles Carmichael sun kafa masana'antarsu a Dundee a 1810, kuma kafin su taɓa aikin jirgin ƙasa sun riga sun yi suna wajen injunan masaƙa da na jiragen ruwa, musamman jiragen fito da ke tsallaka Tay, waɗanda suka ƙirƙiro musu dabarar juya inji ya yi baya ba tare da wahala ba. Su ne kuma suka fito da fanka mai hura wutar narka ƙarfe a 1829, suka bar wa jama'a ita kyauta ba su yi mata rajistar mallaka ba, abin da ya sa har yau mutum-mutumin James Carmichael ke dandalin Albert Square a garin. Amma ƙera kan jirgi sabon abu ne a gare su. A Sikotilan baki ɗaya ma, waɗanda aka fara ƙerawa a cikin ƙasar su ne na Murdoch da Aitken a Glasgow a 1831, domin layin kwal na Monkland zuwa Kirkintilloch, kuma a kan tsohon salon Killingworth aka yi su, wato salon injunan jan kwal masu jinkirin tafiya da George Stephenson ya fara ƙerawa.

A nan akwai wata magana da ake yawan maimaitawa wadda ke buƙatar gyara. Ana cewa Earl of Airlie shi ne kan jirgin fasinja na farko a Sikotilan, alhali layin Garnkirk zuwa Glasgow ya riga ya fara jan fasinja da tururi tun 1831, da injuna irin su St Rollox waɗanda kamfanin Robert Stephenson ya ƙera a Newcastle ta Ingila. Abin da ya fi dacewa a faɗa shi ne, injin Carmichael yana sahun farko na waɗanda 'yan Sikotilan suka zana kuma suka ƙera da hannunsu da niyyar ɗaukar mutane, kuma wannan ma ba ƙaramin matsayi ba ne.

Siffar injin

Nauyinsa tan tara da rabi ne, kuɗinsa fam 700. Silindojinsa biyu kowace faɗinta inci 11, fistin kuma, wato ƙarfen da tururi ke turawa a cikin silinda, yana tafiyar inci 18, tukunyar tana aiki a kan matsin nauyin fam 50 a kowane murabba'in inci, manyan tayoyin biyu kuma faɗinsu ƙafa 4 da inci 5. Faɗin layin kansa ƙafa 4 ne da inci 6 da rabi, awon da babu wani babban layi da ya bi. A bayan injin ana ɗaura ɗan ƙaramin tarago mai ɗauke da gangar ruwa da gasasshen kwal, wanda aka fi so a lokacin saboda ƙarancin hayaƙinsa.

Abu biyu ne suka bambanta shi da na zamaninsa, ɗaya ya mutu tare da shi, ɗayan kuma ya game duniya. Na farko shi ne yadda ƙarfin tururi ke isa ga tayoyi. Idan mutum ya tsaya a gefen injin yana tafiya, zai ga sandar fistin tana fitowa daga saman silinda tana komawa, daga kanta wata sanda ta sauko ta kama hannu ɗaya na wani ƙarfe mai siffar gwiwar hannu da aka kafa a jikin firam, ƙarfen yana lilo a kan ƙusarsa, ɗaya hannun nasa kuma yana tura wata doguwar sanda gaba da baya, ita ce ke juya babbar taya. Ke nan motsin sama da ƙasa sai ya karya kwana a gwiwar nan kafin ya zama motsin kwance, sannan ya zama juyi.

Me ya kai su ga wannan zagaye, alhali tun 1830 kan jirgin Stephenson mai suna Planet ya nuna cewa ana iya kwantar da silinda a ƙarƙashin tukunya? Akwai hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Da yawan injiniyoyin lokacin sun yi amannar cewa fistin da ke kwance nauyinsa zai cinye ƙasan silinda har ta daina zama zagayayya. Salon Planet kuma yana buƙatar lanƙwasasshiyar sandar tayoyi, wadda ƙera ta ke da tsada, kuma da ƙarfen wancan zamani karyewarta ba abin mamaki ba ne. A ɗaya gefen, idan aka tsayar da silinda daidai saman taya ta riƙa buga ta kai tsaye, kamar yadda tsofaffin injunan kwal ke yi, ba a iya sa wa tayar sifirin yadda ya kamata, domin duk lokacin da sifirin ya lotsa sai tazarar fistin ta canza. Gwiwar ƙarfen ta warware duka ukun: silinda tana tsaye, sandar tayoyi miƙaƙƙiya ce, sifirin kuma yana aikinsa. A ganina akwai dalili na huɗu, wato sabo. Mutanen da suka yi shekaru suna ƙera injunan jirgin ruwa, inda tsayayyiyar silinda ke motsa dogon ƙarfe mai lilo, hannunsu zai fi faɗawa nan. Ba su kaɗai ba ne ma, domin Richard Roberts na Manchester ya bi irin wannan hanya a injinsa na layin Liverpool zuwa Manchester a 1833, da waɗanda ya yi wa layin Dublin zuwa Kingstown a 1834.

Illar ita ce kowace gaɓa da aka ƙara wuri ne na cin ƙarfe. Ƙusar gwiwar tana shan duka sau biyu a kowane juyin taya, da zarar ta ɗan saki sai ƙara da girgiza su biyo baya, kuma tarin ƙarfen da ke hawa da sauka yana sa injin rawa a kan sifirinsa gwargwadon yadda gudu ya ƙaru. A kan shimfiɗar 'yan mil, da gudun da bai taka kara ya karya ba, ana iya zama da wannan. A kan babban layi ba a iyawa, shi ya sa cikin 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyar wannan salo a Birtaniya.

Abu na biyu shi ne bogi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgi, ko a Rigasa ce ko a Kano, ya leƙa ƙarƙashin taragon fasinja, zai ga tayoyin ba a jikin taragon aka ɗaure su kai tsaye ba, suna cikin wani ɗan ƙaramin keke ne mai tayoyi huɗu wanda ke juyawa a kan ƙusa ɗaya a tsakiya. Wannan keke shi ne bogi, kuma Earl of Airlie yana cikin kawunan jirgi na farko da suka yi aiki da shi a Birtaniya. Tunanin ya girme shi, domin William Chapman ya yi wa dabarar rajista tun 1812, John B. Jervis kuma ya yi amfani da ita a Amurka a 1832, a layin Mohawk zuwa Hudson. Amma buƙatar da ta kai 'yan'uwan Carmichael gare ta tana shimfiɗe a ƙofar gidansu. Ƙarafan layin Newtyle marasa kauri ne, an ɗora su a kan tubalan dutse, kuma hanyar tana da kwanoni masu tsauri. Tan tara da rabi a kan tayoyi huɗu zai yi wa irin wannan ƙarfe yawa, tayoyi shida da aka ɗaure a firam ɗaya mai tauri kuma za su ƙi shan kwana, su riƙa ture ƙarafan suna buɗa su. Bogi ya raba nauyin a kan tayoyi shida, ya kuma bar injin ya lanƙwasa da hanya.

Sai dai sun sa shi a baya, Jervis kuwa a gaba ya sa nasa, kuma tarihi ya ba Jervis gaskiya. Babban amfanin bogi shi ne ya riga shiga kwana, ya jawo hancin injin a hankali, kafin manyan tayoyi su iso. A injin Dundee manyan tayoyin ne ke fara cin karo da kwanar idan yana tafiya gaba. Bayan haka, murhu shi ne ɓangare mafi nauyi, kuma ga shi an ɗora shi a kan tayoyin da ba sa ja, an bar masu ja a ƙarƙashin ɓangaren da bai kai shi nauyi ba, alhali ƙarfin kamun taya a kan ƙarfe daga nauyin da ke danne ta yake fitowa.

Ɗan lissafi zai nuna iyakar abin da wannan inji zai iya. Hawa ƙafa ɗaya cikin goma yana cin ƙarfin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin abin da ake ja, wato kusan tan ɗaya domin injin shi kaɗai, ba a sa taragon ruwa ba balle na fasinja. Idan aka auna silindojinsa da matsin tukunyarsa da faɗin tayarsa, ƙarfin jansa gaba ɗaya bai cika tan ɗaya ba. Ko da a ce rabin nauyinsa yana kan manyan tayoyi, kuma tayar ƙarfe tana kama ƙarfe da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke kanta, abin da za a samu bai wuce abin da zai ɗaga kansa da ƙyar ba. Saboda haka tudun Law ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma ba laifin maƙeransa ba ne, domin babu injin da ke dogara da kamun taya a wancan zamani da zai ja jirgi a kan wannan hawa. Fasinjan da ya tashi daga Dundee zai ci gaba da jiran igiya sau uku kafin ya ga Newtyle, tururin da ke tsakani ya rage masa wani abu ne kawai daga lokacin da doki ke ci.

Abin da ya biyo baya

A watan Maris na 1834 kamfanin ya ƙara inji na uku mai suna Trotter daga wata masana'antar garin, wato Dundee Foundry, wadda James Stirling ke jagoranta, a 1836 kuma ya sayi na huɗu, John Bull, daga kamfanin Robert Stephenson, mai tayoyi huɗu da dukansu ke ja. Wannan saye na ƙarshe hannunka mai sanda ne: bayan shekara uku kacal, kamfanin da ya fara da salon gida ya koma ga salon Newcastle.

Ita Dundee Foundry ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin abin da ta haifa ya fi injunanta tasiri. Archibald Sturrock yana yaron koyo a can lokacin da ake ƙera Trotter, a can kuma ya haɗu da Daniel Gooch, wanda daga baya ya zama shugaban sashen injuna na layin Great Western. Sturrock ya riƙe irin wannan muƙami a layin Great Northern daga 1850 zuwa 1866, wanda ya gaje shi kuma shi ne Patrick Stirling, ɗan ɗan'uwan James Stirling, shi ma a wannan maƙera ya koyi aiki. A 1870 Patrick Stirling ya fito da shahararren injinsa mai manyan tayoyi biyu na ƙafa takwas, da bogi mai tayoyi huɗu a gaba. Kusan shekara arba'in ke nan bayan Earl of Airlie, domin injiniyoyin Birtaniya sun daɗe suna ɗari-ɗari da bogi, suna ganin miƙaƙƙun hanyoyinsu masu ƙwari ba sa buƙatarsa, yayin da Amurkawa masu hanyoyi marasa ƙwari da yawan kwana suka rungume shi tun farko. A wannan fuska layin Newtyle ya fi kama da layukan Amurka fiye da na Ingila, shi ya sa matsala iri ɗaya ta haifar da magani iri ɗaya a wurare biyu masu nisa, cikin tazarar shekara guda.

Faɗin layin ma ya zama masa ƙarfen ƙafa. Yawancin tsofaffin layukan kwal na yammacin Sikotilan ƙafa 4 da inci 6 suke, layin Dundee zuwa Arbroath da aka buɗe a 1838 ƙafa 5 da inci 6, na Newtyle kuma ga nasa daban, ta yadda gari ɗaya yana da layuka biyu da taragunsu ba sa iya hawa na juna. Dokar 1846 ta tsayar da ƙafa 4 da inci 8 da rabi a matsayin awon sababbin layukan fasinja a Birtaniya, a daidai lokacin da kamfanin Dundee zuwa Perth ya karɓi hayar layin Newtyle, wanda bai taɓa kawo wa masu shi ribar kirki ba. A 1849 aka faɗaɗa layin zuwa awon da dokar ta tsayar. Earl of Airlie ya ci gaba da aiki har 1854, sannan aka sauke shi daga kan hanya aka mai da shi injin zaune mai ɗebo ruwa a Errol, tsakanin Dundee da Perth.

Hawan nan uku kuwa sai da aka yi musu abin da Landale ya ƙi yi, wato aka zagaye su. An kauce wa Balbeuchly a 1860, aka bar tudun Law da raminsa a 1861 ta hanyar sabon layi da ya bi ta Lochee, sannan Hatton a 1868. Hanyar ta ƙara tsawo da mil da dama, amma daga nan ne karon farko kan jirgi ɗaya ya iya ɗaukar fasinja daga Dundee ya dire su Newtyle ba tare da an kwance shi ba, shekara goma sha huɗu bayan injin da aka ƙera domin wannan layi ya daina tafiya. An ci gaba da jigilar fasinja a kansa har 1955.

A 1863 kamfanin Scottish Central ya haɗiye kamfanin da ke riƙe da layin, shugaban sashen injunansa a Perth kuma shi ne Alexander Allan, injiniya ɗan asalin Montrose wanda ya daɗe yana aiki a masana'antar jiragen ƙasa ta Crewe a Ingila. Allan ya gane darajar tsohon injin, a 1864 ya sa aka ɗauko shi, aka share shi, aka yi masa fenti, aka ɗauki hotonsa. A lokacin babu gidan adana kayan jirgin ƙasa a Sikotilan, babu kuma wanda ya ɗauki nauyin ajiye shi, don haka ba da jimawa ba aka farfasa shi aka sayar da ƙarfen. Daga wannan hoto na 1864 ne ake gane tsayayyun silindojin, da gwiwar ƙarfen da ke gefen tukunya, da ƙananan tayoyi huɗun da ke ƙarƙashin murhu.